Kada Ka Yi Mata Fomatin Tukuna

Jiya bayan la'asar, ina shirin fita Ƙofar Ƙaura karɓo saƙo, ka tare ni a bakin shago. Ka ce, "Oga, kwamfutar Malamar nan, sau biyu ina goge antibairos ɗin ƙaryar da ke cikinta, da na sake kunnawa sai ya dawo. Ba gara in yi mata fomatin kowa ya huta ba?" Na ce ka rufe ta ka ajiye har in dawo. Ban samu dawowa ba sai bayan isha'i, shi ya sa na zauna na rubuta maka, don amsar ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye.

Kada ka yi mata fomatin tukuna, ɗana, wato share duk abin da ke cikinta a sa sabuwar Windows. Ka leƙa ka ga abin da ke ciki? Sakamakon jarrabawar ɗalibanta na zango uku yana nan, da hotunan bikin 'yarta, da rubutun kammala karatu na ɗanta wanda bai ajiye shi a ko'ina ba sai nan. Ba Windows ta kawo mana gyara ba, waɗannan abubuwan ta kawo mu tsare mata. Wanda ya share su don ya kori talla ɗaya, garin neman gira ya rasa ido. Fomatin yana da ranarsa, zan zo kanta, amma shi ne na ƙarshe.

Abin da ya sa yake dawowa, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba. Jan hoton da ke tasowa yana cewa an gano ƙwayoyin cuta kaza, shi ne kawai abin da aka nuna maka. Wanda ke tayar da shi yana wani lungu dabam, kuma shi za ka nema.

Ka fara fahimtar sana'ar mutanen. Irin ta bokan ƙarya ce: ya dube ka ya ce an yi maka sammu, in ba a karya yau ba gobe sai gawa, sannan ya yanka maka kuɗin magani. Cutar ƙarya, maganin ƙarya, kuɗin ne kawai na gaske. Kuma ba yau aka fara ba. Lokacin da Windows XP ke tashe mun sha fama da irinsu WinFixer da XP Antivirus. A watan Disamba na 2008 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kai masu su kotu, ta ce sun yaudari mutane fiye da miliyan ɗaya, suna karɓar kusan dala 40 ko fiye a hannun kowane mutum. A 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163 a wannan shari'a. Na kawo maka wannan ne don ka san ba wasan yara ba ne, kasuwanci ne da ake zuba wa jari, shi ya sa hotonsu ke yin kama da na gaske har malamar makaranta ta ruɗe.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce, abin a cikin burauza yake ko a cikin Windows? Yawancin waɗanda ake kawo mana yanzu ba su shiga kwamfutar ba sam. Yaro ya je wani shafi neman fim ko kallon ƙwallo kyauta, shafin ya ce sai ya danna Allow kafin ya buɗe, ya danna. Da wannan dannawar ya ba shafin izinin turo sanarwa duk lokacin da ya ga dama. Sai ka ga wani ɗan akwati yana tasowa a kusurwar dama ta ƙasa, ɗauke da tambarin kamfanonin antibairos irin su McAfee ko Norton, alhali kamfanonin ba su san zancen ba, sunansu aka sata. Ka matso da idonka kusa da akwatin. Akwai ɗan siririn rubutu da ke nuna sunan shafin da ya turo shi da sunan burauzar. In ka ga haka, ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, ka toshe duk shafin da mai kwamfuta bai sani ba. Aikin minti biyar ne. In ka samu irin wannan, ka faɗa wa mai kaya gaskiya cewa aikin ƙarami ne, ka caje shi kuɗin ƙaramin aiki. In ka tsorata shi don ka ƙara kuɗi, kai da masu tallar sana'arku ɗaya, kuma ban yarda a yi haka a shagona ba.

Akwai kuma shafin da ke cika sikirin gaba ɗaya, yana ƙara, yana nuna kamar yana binciken fayiloli, har da lambar waya wai a kira Microsoft. Shafin intanet ba ya iya bincika ma'ajiyar kwamfuta, hoto ne mai motsi kawai. Microsoft kuma ba ta sa lambar waya a saƙon gargaɗinta. Kada ka danna komai a cikinsa, ko wurin da aka rubuta a rufe, don shi ma tarko ne. Danna Ctrl da Shift da Esc, tas manaja ya buɗe, wato jerin manhajojin da ke aiki a lokacin, ka kashe burauzar daga can. In ka sake buɗe ta ta tambaye ka ko a maido da shafukan baya, ka ƙi.

Ta Malama ba irin wannan ba ce. Da safe na lura, tun kafin a buɗe Chrome, tun ba a jona intanet ba, abin ya taso. Wannan yana cikin Windows.

To ga yadda nake bi. Na farko ka raba ta da intanet, don kada ya ci gaba da janyo 'yan uwansa. Ka jona caja a layin inbata, domin batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki za mu koma baya. Sannan ka kwashe takardunta da hotunanta zuwa ma'ajiyar waje. Takardu da hotuna kawai, ban da duk wani fayil mai ƙarewa da .exe, don manhaja ce, kuma ka bincike ma'ajiyar a kwamfutar shago kafin ka yarda da ita. Daga nan ka shiga sef mod, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, yawancin irin waɗannan manhajoji kuma suna barci. A Windows 7 F8 ake dannawa tana tasowa. A 10 da 11 ka danne Shift sannan ka zaɓi a sake kunnawa, ka bi shuɗin sikirin har inda za ka danna 4.

A ciki ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta appwiz.cpl, ka jera manhajojin bisa ranar da aka sa su. Wannan jerin shi ne mai ba da shaida. Tambayi mai kwamfuta yaushe abin ya fara, ka duba wannan makon. Ba ya zuwa shi kaɗai. Za ka tarar da uku ko huɗu sun shigo rana ɗaya: mai cewa yana ƙara sauri, mai cewa yana sabunta direbobi, mai sauya shafin bincike. Tare da su kuma sau da yawa za ka ga wanda ya buɗe masu ƙofa, wato wata manhajar kirak da aka sauko da ita don a guje wa biyan kuɗi. Cire su duka.

Nan ne ka tsaya jiya, kuma nan ne aikin ya fara. Fita daga sef mod, ka sake danna maɓallin Windows da R, ka rubuta taskschd.msc. Wannan shi ne wurin da Windows ke ajiye ayyukan da za ta riƙa yi da kanta, wani duk awa, wani duk lokacin da aka kunna. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka dubi suna, ka dubi fayil ɗin da aikin yake kira da inda yake zaune. Suna ba ya wuyar sata, za su iya kiran abinsu da sunan sabunta Chrome. Amma manhajar kirki galibi a Program Files take zama ko cikin foldar Windows. In ka ga aiki yana kiran wani fayil mai suna kamar an watsa haruffa, yana zaune a AppData ko Temp ko ProgramData, an kuma ƙirƙire shi a ranar da abin ya fara, to ka kama kan macijin. Na ce galibi, domin akwai na kirki da ke zama a AppData, don haka ranar da sunan kamfanin da ya sa hannu a fayil ɗin su ne za su raba maka gardama. Autoruns, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta cikin kayan Sysinternals, tana tara maka duk wuraren nan a shafi ɗaya, har da rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitunanta, da ayyukan bayan fage. Ina son ta saboda abu guda: kana iya cire alamar da ke gaban abu ka dakatar da shi ba tare da ka goge ba. Ka dakatar, ka sake kunnawa, ka gani. In sauti ya ɗauke ko madannai suka daina aiki, ka san ka taɓa na gida, sai ka maida alamar. Wanda ka tabbatar da shi kaɗai za ka goge. Rajista kuwa kada ka sa mata hannu in ba na kusa, har sai na ce ka isa.

Wasu masu taurin kai ne. Ka buɗe tas manaja su rufe shi, ka buɗe kowace manhaja su ce ta kamu. Irinsu ne muke yi wa RKill, wadda ke tsayar da su na ɗan lokaci. In sun hana ta tashi, ka sauya mata suna zuwa iexplore.exe, sau da yawa sai su ɗauka burauza ce su bar ta ta wuce. Ka riƙe cewa ba ta goge komai, kuma in ka sake kunna kwamfutar bayan ta gama, sun farka. Tana gamawa ka saki masu gogewar, Malwarebytes da AdwCleaner, ɗaya bayan ɗaya. Dukansu ka sauko da su a kwamfutar shago, daga shafin masu su, ba daga tallar da ta fara fitowa a Google ba, don nan ma ana dasa na jabu. Filashin da ka ɗauko su da shi, ka bincike shi kafin ya koma aljihunka.

Saura burauza. Cire duk ƙarin da aka liƙa mata wanda mai ita bai sani ba, ka maida saitinta na asali. Ka danna dama a kan alamar Chrome da ke fuskar kwamfuta ka duba layin da take kira, wani lokaci suna liƙa adireshin shafinsu a bayan chrome.exe. Ka duba saitin furoksi, wato hanyar da burauza ke bi ta fita intanet, ko sun karkatar da ita, ka buɗe fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc ka ga ko an cusa layukan da ke toshe shafukan antibairos. In Malama ta shiga Chrome da asusunta na Google, ka yi gyaran tana ciki, in ba haka ba ranar da ta sake shiga ƙarin da ka cire zai iya biyo ta.

In ka gama, ka tabbata Microsoft Defender, antibairos ɗin Windows na gaske, ya tashi kuma ya sabunta, don na ƙaryar kan kashe shi. Tun daga Windows 8 yake zuwa a ciki, kuma ga kwamfutar gida ya wadatar. Ka sa shi ya yi binciken nan da yake yi kafin Windows ta tashi. Kada ka jibga mata antibairos biyu ko uku don ka burge mai kaya, rigima za su yi ta yi da juna kwamfutar ta yi nauyi. In kuma bayan duk wannan fanka tana ta kuka, ba bairos ba ne, ƙurar hunturun Katsina ce ta toshe ta, buɗe ka hure. Sake kunnawa sau uku, ka jona intanet, ka bar ta a kunne kamar awa ɗaya kana kallo. Wasu ayyukan sai bayan wani lokaci suke tashi.

Abin da ya fi damuna ba ka tambaye shi ba. Ka tambayi Malama ko ta biya? Mutane suna jin kunyar faɗa. Babba ne, mai ilimi, ya ga an yi masa wayo, sai ya yi shiru. Ka tambaye ta cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, ka fara da cewa abin yana faruwa da kowa. Ta sa lambar katinta na ATM? Ta kira wata lamba? An sa ta ta sauko da AnyDesk ko TeamViewer wani ya shiga daga nesa? In ta sa kati, a ranar za ta toshe shi ta banki, kafin ma mu taɓa kwamfutar. Kalmomin sirri na imel da Facebook ta sauya su daga wayarta, ba daga wannan na'urar ba. In kuwa wani ya riga ya shiga daga nesa, ko ka bi duk hanyar nan abin ya sake dawowa, to ranar fomatin ta zo, domin ba mu san abin da aka bari a ciki ba. A nan ma sai ka kwashe kayanta, ka buɗe su a gabanta ta gani da idonta, ta ce ta yarda. Kuma in za ka sa sabuwa, ka tuna Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ta 10 kuma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Ka gaya mata gaskiyar abin da na'urarta za ta iya ɗauka.

Ranar da za ta karɓa ka ce ta zo da yaron da ke amfani da ita. Kada ka yi masa faɗa. Ka zaunar da shi ka nuna masa akwatin Allow, ka nuna masa yadda maɓallin saukewa na ƙarya yake fin na gaske girma da kyalli, ka buɗe masa asusu nasa wanda ba shi da ikon sa manhaja sai da kalmar sirrin mahaifiyarsa.

Gobe in Allah ya kai mu, in ka buɗe shago, ɗauko ma'ajiyar waje a durowata ta ƙasa ka fara kwashe mata fayiloli. In ka gama, buɗe taskschd.msc ka rubuta a takarda guda uku da kake zargi da dalilinka a kan kowanne. Kada ka goge ko ɗaya sai na iso, zan biya ta Babbar Kasuwa, ba zan wuce ƙarfe goma ba.