Me Ya Sa Mutane Suke Barin Windows Suna Komawa Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya. Ina da laftof ta hannu da na saya shekarun baya, ƙalau take aiki, amma tana ta nuna mini cewa an daina kula da Windows 10, kuma wai ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Ɗan yayata ya ce in sa mata Linux. Me ke sa mutane komawa can? Don kyauta ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kwamfutarka take faɗa maka gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya rufe kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan furosesarta ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Laftof ɗin hannu da suka cika kasuwanninmu da yawansu sun girmi wannan. Babu abin da ya lalace a jikinsu. Wani ne can ya yanke hukunci cewa sun tsufa.

Wannan shi ne dalilin da na fi gani da idona, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi na'ura, allonta garau, madannanta lafiya, sai a ce ya jefar ya sayi wata. Linux, wadda ita ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba ta gindaya irin waɗannan sharuɗɗa. Akwai nau'o'inta da aka yi musamman don tsofaffin na'urori, irin su Lubuntu da Linux Mint mai fuska mara nauyi da ake kira Xfce. Laftof mai ram 4GB da take nishi a Windows takan sake da su, ta buɗe da wuri, fanka ta daina kuka. Kuma kai ke zaɓar lokacin da za a sauke sabuntawa, ba za ka wayi gari ka tarar an cinye maka datar wata a dare ɗaya ba.

Batun kyauta kuwa, e, kyauta ce, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A ƙasar nan mutum nawa ne suka taɓa biyan kuɗin lasisin Windows? Yawanci mai gyara ne ke ɗora wadda aka fasa, haɗe da Office da aka fasa, a ba shi na goro. Hatsarin yana nan: wanda ya fasa manhajar ba ka san shi ba, ba ka kuma san abin da ya cusa a ciki ba, ga shi a wannan na'urar kake shiga asusun bankinka. Akwai kuma haƙƙin mai abu, wanda na san yana damun mutane da dama ko ba su furta ba. Linux masu ita ne da kansu suka ce a ɗauka, a kwafa, a raba wa duk wanda ake so. Ka sa wa kwamfutoci 40 na ɗakin gwajin makarantarku, ba ka ci haƙƙin kowa ba.

Yadda aka yi ta zama haka yana da tarihi. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin GNU da nufin a samu babbar manhaja da kowa zai iya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya raba. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ke haɗa manhajoji da ƙarafan na'ura, ita ce Linux. Aka haɗa biyun. Lasisin da suke kai, GPL, ya ce duk wanda ya gyara ya raba wa jama'a, dole ya saki gyaran nasa a buɗe shi ma. Daga nan aka yi ta samun rassa: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, sai Linux Mint a 2006. Ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja ke nan, kamar tuwon da aka tuƙa a tsakar gida kowa yana kallon abin da aka zuba.

Wannan buɗewar ita ke jawo masu damuwa da sirrinsu. Windows 11 tana matsa wa mutum ya shiga da asusun Microsoft tun wajen kunna ta na farko, tana aika bayanan yadda ake amfani da ita, tana kuma tallata wasu manhajoji a cikin jerin farawa. Linux Mint ba ta neman ka buɗe asusu a wurin kowa. Sunanka da kalmar sirrinka suna nan cikin na'urarka.

Ta fuskar bairos ma akwai sauƙi. Wannan da ke bin filas daga shagon buga takardu, ya ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi, don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux. Manhajoji kuma daga rumbu ɗaya da aka tantance ake sauke su, ba daga shafukan da ba a san asalinsu ba. Amma kada wani ya ce maka ba a iya kutsa mata. A watan Maris 2024 an gano wata ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa da gangan cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta bazu. Ya iya bin diddigin ne domin rubutun a buɗe yake.

Ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ke ƙaura ba. Jandarmomin Faransa sun daɗe suna aiki da nasu nau'in Ubuntu. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta yanke a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice, madadin Office na kyauta, don kada bayanan jama'arta su dogara da kamfanin wata ƙasa. Tun Nuwamba 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux ce a kansu. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Shi ya sa ɗalibin da ke son aikin rubuta manhaja ko tsaron intanet ba shi da makawa sai ya koye ta, domin yawancin manyan na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet da ita suke tafiya.

Sai dai ba zan ɓoye maka inda ake yin tuntuɓe ba. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Ƙaura ba ta yiwuwa idan kayan aikin mutum ba su bi shi ba. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba su da nau'in Linux. Akwai madadin biyun farko, Inkscape da GIMP, masu kyau ne, amma wanda abincinsa ke kan CorelDRAW, yana karɓar fayil daga abokan ciniki yana kai wa maɗaba'a, ni ba na ba shi shawarar ya taɓa na'urar da yake sana'a da ita. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel tana kuma adana su, amma takarda mai tarin jadawali da ado wani lokaci layukanta kan goce. Wasu firintoci da wasu na'urorin Wi-Fi na cikin laftof sukan buƙaci a nemo musu direba, wato 'yar manhajar da ke sa su aiki.

Kai kuwa Malam, idan aikinka buga tambayoyin jarrabawa ne, da lissafin makin ɗalibai, da shiga intanet, da kallon bidiyo, babu abin da za ka rasa. Firefox da Chrome da VLC da Zoom duk suna nan. Har madannan Hausa akwai a cikin saitunan, ka buga ɓ da ɗ da ƙ ba tare da neman wata manhaja ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fara kwafe dukkan takardunka da hotunanka zuwa wani wuri daban, kada ka tsallake wannan ko da wa ya ce maka ba komai. Sannan ka ce wa ɗan yayarka ya sa maka Linux Mint a filas mai 8GB. Ana iya kunna kwamfuta daga filas ɗin kai tsaye, a yi aiki da ita ba tare da an goge komai na Windows ba. Ka gwada Wi-Fi, ka gwada sauti, ka jona firintar makaranta, ka buɗe takardar jarrabawar zangon da ya wuce ka ga ko ta fito daidai. Za ta ɗan yi nauyi daga filas, wannan ba laifinta ba ne. In komai ya tafi yadda kake so, ka sa ta gefe ɗaya da Windows tukuna, duk lokacin kunnawa ka zaɓi wadda za ka shiga. Bayan zango guda, ka duba sau nawa ka koma Windows da kuma abin da ya mayar da kai, sai ka rubuto mini mu ga ko yana da madadi.