Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Nimoniya da Ciwon Kunne?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara biyu ya yi nimoniya a hunturun bana, bayan ya samu sauƙi kuma sai kunnensa ya fara zubar da mugunya. A asibiti an ce mai yiwuwa ƙwayar cuta ɗaya ce ta jawo duka biyun, alhali ni na taso ina jin cewa sanyi ne ke kawo nimoniya. Yaya abin yake? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, Malama. Abin da aka gaya miki yana kan hanya. Bakteriyar da ta fi yawan haddasa nimoniya ga yara ita ce numokokas, wadda Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka suka gano a 1881, kowa a nasa ɓangaren. Tana zaune a hanci da maƙogwaron yara masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, ba ta yi musu komai ba, har sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni. Daga nan sunan ciwon ya danganta da inda ta nufa: in ta gangara huhu a ce nimoniya, in ta bi ta bayan hanci ta shiga kunne a ga mugunya, in kuwa ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, kamar yadda aka gani a yankin Brong Ahafo na Ghana a 2016.

Maganar sanyi ba ƙarya ba ce ɗungurungum, sai dai shi mai buɗe ƙofa ne kawai. Ƙurar hunturu da mura suna raunana fatar cikin hanci, sannan a kwana cunkushe cikin ɗaki mai hayaƙin itace. Ƙyanda da tamowa ma suna share wa ƙwayar hanya. Masu sikila sun fi kowa shiga haɗari, domin saifarsu, wadda aikinta ne tace irin wannan ƙwaya daga jini, takan lalace tun suna ƙanana.

Ki duba katinsa na riga-kafi, domin tun 2014 Nijeriya ta fara allurar PCV ta riga-kafin numokokas, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Kunnen kuma a mayar da shi asibiti, kada a ɗiga masa mai ko wani jiƙo. Idan kika ƙirga numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana faɗawa, kada ki bari ya kwana a gida.