Bargi ba kifin fatsa ba ne

Ka ce kullum da asuba kana ganin bargi yana tasowa a bakin ciyawar burgu, ka jefa masa fatsa da tana, ka sake jefawa da ɗan kifin nan kawara, ko kallo bai yi ba, kana tambayar me ake sa masa a ƙugiya. Yaro, da ka taɓa tsayawa ka fede bargi ɗaya da hannunka, maimakon ka tsaya ɗaukarsa hoto da waya, da ba ka yi mini wannan tambayar ba.

Tasowar nan da kake gani ba yunwa ce ta kawo shi ba, iska ya zo haɗiya. Jakar iskar da ke manne da ƙashin bayansa aikin huhu take yi masa, shi ya sa yake zama lafiya lau a ruwan fadama mai ɗumi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, inda giwan ruwa zai galabaita ya juya ciki sama. Ya taso, ya buɗe baki, ya nutse. Kai kuma kana can kana ta jifa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Sai batun ci. Bargi yana kai tsawon mita guda, nauyinsa ya kai kilo 10, amma duba bakinsa: ɗan ƙarami, leɓe mai kauri. Ba mafarauci ba ne. Laka yake kwasa daga ƙasa, da 'ya'yan ciyawa, da ƙananan ƙwari, da wasu halittun ruwa da ido ba ya gani. Can cikin maƙogwaronsa ta sama akwai wani nama a naɗe kamar dodon koɗi, mai yauƙi, shi ke tace masa abincin daga ruwa. A cikinsa kuma akwai ƙundu mai tauri, in ka tsaga za ka tarar da yashi da tsaba a niƙe. To kifin da haka yake ci, me zai yi da kawara? Wani lokaci yakan ɗauki tana in ƙugiyar 'yar mitsitsiya ce kuma tana kwance a ƙasa, amma wannan sa'a ce, ba sana'a ba. Mamari ma, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, ba ya cika riƙe shi, ɓawonsa manya ne masu tauri, ƙugiya zamewa take yi. Mamari na tarwaɗa ne da ƙurungu, marasa ɓawo.

In kana son sanin bargi, jira ruwa. Mu a nan Yauri, tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa biyu muka sani: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke gangarowa daga Mali da sanyin hunturu. Da farin ruwa ya hau kan ciyawa bargi yake shiga fadama yin sheƙa. Namiji da mace ne ke aikin, su tsinke ciyawa su ture ta gefe, su yi da'ira mai faɗin mita guda ko fiye, a ruwan da bai wuce gwiwa zuwa cinya ba. Bangon sheƙar yana ɗan leƙowa saman ruwa, tsakiyarta kuma laka ce tas, an share. Ƙwan launin ruwan lemo ne, kuma in ka fede mace za ka ga buhun ƙwai guda ɗaya ne tal, a hagu. Kwana biyu ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna fitowa da wasu jajayen zarurruka a gefen kai da suke numfashi da su, kafin mako ya zagayo sun bar sheƙa, sun dunƙule baƙi ƙirin suna yawo tare, suna tasowa tare, iyaye na gadi a ƙasa.

Waɗannan 'ya'yan ne suka ja mini asarar da har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wata damina wani mutum ya zo da a-kori-kura, babbar riga, turare na tashi, ya ce yana da gidan gona ya haƙa tafkunan kiwon kifi, 'ya'yan bargi yake so masu rai, da yawa. Ya ce ya tambaya a kasuwa an ce duk yankin nan ba wanda ya san makwancin bargi kamata. Wannan kam ba a yi masa ƙarya ba. Kuma ya san abin da yake nema, domin tarwaɗa ana yi mata allura ta yi ƙwai a roba, bargi kuwa ba ya yarda da wannan cikin sauƙi, yawancin masu kiwonsa daga fadama suke samun iri. Ga saurin girma, a shekara guda sai ya yi kilo uku in ya samu tafki mai taki, kuma ba sai an saya masa abincin buhu mai tsada ba. Muka yi ciniki bisa kai, ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, ya ce sauran sai kaya sun isa.

Ka san abin da na bari saboda shi? Tsakiyar kakar kamu ce, kowa na cika jirgi, ni kuwa na jingine kallina, wato ragar da nake shimfiɗawa a ruwa, ni da ƙanena muna cikin burgu har ƙirji, matsattsaku na shan mu. Ba a ɗiban 'ya'yan daga sheƙa, masu jan zaren nan ko kallon banza ka yi musu mutuwa suke yi. Sai ka bi garke, ka jira su kai tsawon yatsa, ka zagaye su a hankali da lallausar raga, ka ɗebi rabi ka bar wa iyaye rabi. Uban kuma ba ya tsayawa kallo, bugun ruwa yake yi har laka ta tashi, garken ya watse, ka koma jira. Na haƙa rami a bakin ruwa na zuba musu kashin shanu don ruwan ya yi kore su samu na ci, na rufe da raga saboda tsuntsaye, ina tashi da dare ina duba su fiye da yadda nake duba 'ya'yana.

Ranar ɗauka ya zo da duro biyu buɗaɗɗu da jarkoki. Na ce masa, ranka ya daɗe, a yanke saman jarkokin nan, a zuba ruwa rabi, a tafi da dare, kifin nan iska yake shaƙa, in ka toshe shi nutsewa zai yi ya mutu a cikin ruwa. Ya yi dariya, wai kifi ya nutse. Yaron motarsa, sa'anka, kunne toshe da abin jin waƙa, ya cika jarkoki har wuya ya murɗa murafe don kada ruwa ya zube. Na sake magana. Mutumin ya ce shi ya yi karatu. Suka ɗauki hanya da rana tsaka.

Washegari ya kira, murya sama. Wai duk sun mutu, wai marasa lafiya na sayar masa, wai ma ni ya kamata in mayar masa da kafin alƙalaminsa. Na ce na jarka na yarda sun mutu, ai na faɗa, na duro fa? Ya rantse ko ɗaya bai kai ba. Na kai magana gaban Sarkin Ruwa, aka kira shi, ya ce yana tafe. Daga nan waya ta daina shiga. Daminar nan sai da na sayar da ragon layya na biya ƙanena da mai jirgin da na yi haya, matata kuwa ta ci bashin hatsi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na auro ta.

Da a nan ta tsaya da na ce ƙaddara. Bayan shekara wani ɗan garinmu da ya yi gadi a gonar ya dawo, muna zaune a majalisa yake ba da labarin wani tafki cike da bargi, manya-manya, ana kwasa ana kai wa masu banda, maigidan yana yi wa baƙi alfahari wai daga Yauri ya kawo iri. Na duron nan ne. Nawa ne, na san su. Ya shafa wa idonsa toka ya ci gumina, ko ƙwandala bai ƙaro ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Tun daga ranar, mai son kifi mai rai a wurina sai ya ƙirga kuɗi a hannuna kafin jarka ta taɓa ruwa, ko limamin garinsu ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu, ku yaran zamani kun ji ana sayen 'ya'yan bargi, sai ku shiga fadama da gidan sauro ku share garke kaf, ku tattake sheƙa, rabi su mutu kafin ku kai gaɓa. Wasu ma maganin ƙwari suke zubawa. Sannan ku zo kuna cewa ruwa ba kifi. Masu binciken kifi na New Bussa sun yi magana har sun gaji, mu ma mun yi.

Babban bargi dai da kalli ake kama shi, ko birgi, ragar jifa, in hannunka ya faɗa. Yadda ake shimfiɗa kalli ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma noma. Idon ragar dai ya zama mai faɗi, yatsa huɗu zuwa sama, ƙananan su wuce. Ka nemi hanyar da yake bi tsakanin burgu da buɗaɗɗen ruwa, wurin da ka ga yana yawan tasowa, ka tare ta da yamma. Kashe injin tun daga nesa, ka ƙarasa da filafili, kuma kada ƙafarka ta bugi cikin jirgi. In kuna zagaye shi ne ku ɗaga bakin ragar sama da ruwa, domin bargi tsalle yake yi, yana jin an matse shi zai haure ta kanku ya bar ku da jiƙaƙƙiyar riga. Da asuba ka riga rana zuwa, wanda ya maƙale a ƙasa ya kasa tasowa ya riga ya mutu tun cikin dare, in ka yi jinkiri cikinsa zai fara lalacewa, mai banda ta rage maka kuɗi.

Fatsar nan taka ka ajiye ta don ƙarfasa. Gobe bayan sallar Asuba ka same ni a mashaya da kallin nan mai ido yatsa biyar, ka ɗinke inda ya yage tun yau, wayar kuma ka bar ta a gida.