Tambayoyi da Amsoshi: Ambaton Sunan Gem Ba Barkwanci Ba Ne

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato zanen barkwanci na intanet da ake yi a kan wasannin bidiyo, wato gem. Masu neman yadda za su dawo da lambar sirrin da suka manta su yi haƙuri, na san mako mai zuwa ma suna nan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Akwai wani zanen barkwanci da nake karantawa a kwamfuta, idan na ɗora kibiyar maus a kan hoton sai wani ɗan rubutu ya ɓullo, sau da yawa ma ya fi zanen ban dariya. A waya ba na ganinsa. Ina ya shiga?

Amsa: Bai je ko'ina ba, ɗan'uwa, wayarka ce ba ta da maus. Danna hoton ka riƙe. A Chrome na Android rubutun zai fito a saman jerin zaɓin da ya buɗe, in ya gutsure ka taɓa shi ya miƙe. Idan kuwa zanen xkcd na Randall Munroe kake nufi, shiga m.xkcd.com, an tanadi wurin taɓawa don masu waya.

Tambaya: Malam, ka raba mu gardama da abokina. Na ce zanen Ctrl+Alt+Del ya fi na Penny Arcade ban dariya domin kowa na fahimtarsa, shi kuma ya ce duk mai karanta shi bai san barkwanci ba. Ni dai duk zanen da ya ambaci gem ɗin da nake bugawa yana ba ni dariya. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ƙanena, gardamar taku ba ta dame ni ba, tun kafin 2010 ake yin ta kuma ba a gama ba. Jimlarka ta ƙarshe ce ta sa na yi tagumi. Gyara zama.

Penny Arcade ya fara fita a 1998. Amurkawa biyu ne ke yin sa, Jerry Holkins na rubutu, Mike Krahulik na zane, taurarinsa kuma Tycho da Gabe, masu wakiltarsu. Litinin, Laraba da Juma'a yake fita, galibi akwatin zane uku. Ya karɓu ƙwarai, har masu shi suka kafa gidauniyar Child's Play a 2003 don kai wa yaran da ke kwance a asibiti kayan wasa, sannan a 2004 suka fara taron baje kolin wasanni na PAX. Da jama'a suka ga abin ya yi kasuwa sai kowa ya ɗauki alƙalami. Samfurin kuwa ɗaya ne: samari biyu a kan doguwar kujera, fuska a talabijin, ɗaya mai rawar kai ɗaya mai hankali. VG Cats na Scott Ramsoomair ɗan Kanada ya zo a 2001 da kuliyoyi biyu, Leo da Aeris. Tim Buckley ya kawo Ctrl+Alt+Del a 2002, da Ethan mahaukacin gem da abokinsa Lucas mai yi masa waigi. Bayansu akwai tarin waɗanda ba wanda ya tuna sunansu yau, kuma ba a zalunce su ba.

Abin da ya kashe yawancinsu shi ne abin da kai ka yaba. Sun ɗauka da zarar an ambaci sunan wasa an gama aiki. Abin da kake ji idan ka ga sunan gem ɗinka a cikin zane daɗin ganin naka ne, daɗin cewa ashe ba kai kaɗai ba. Daɗi ne na gaske, amma mai zanen bai yi gumin komai a kansa ba, kamfanin wasan ne ya yi masa aikin. Ga gwajin da nake yi: rufe sunan wasan da yatsa ka sake karantawa. Idan abin da ya rage mutum biyu ne a zaune ɗaya yana ihu ɗaya yana harara, to tun asali ba komai a ciki.

Barkwancin gem na ƙwarai yana fitowa ne daga inda dokar wasa ta yi karo da hankali. Wasannin bidiyo cike suke da hauka da muka saba da shi har muka daina gani. Jarumin wasan Zelda ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya farfasa musu tukwane, ya kwashe abin da ke ciki, mai gida yana tsaye yana yi masa hira. Ɗan fashi a wasan Skyrim ka harbe shi da kibiya daga ɓoye, ya ɗan zagaya, ya yanke cewa babu kowa, ya koma wurin zamansa da kibiyar a jiki. Jarumi ya ɗauki takubba da sulke da ba a san inda yake zuba su ba, amma shingen da bai kai gwiwa ba ya gagare shi tsallakewa. Ana cewa duniya za ta tashi gobe, shi yana bakin kogi yana kamun kifi. Mai zanen da ya tsaya ya kalli irin wannan, ya tambayi kansa yaya mai gidan nan yake ji, shi ya yi aiki. Abin da ya sa nake tura mutane wurin Awkward Zombie na Katie Tiedrich ke nan, wadda take yi tun 2006. Sau da yawa ko ba ka taɓa buga wasan ba za ka yi dariya, domin ta nuna maka dokar sannan ta nuna maka wautarta.

Ciwo na biyu shi ne surutu. Bari in ƙirƙiro maka misali. Akwati na farko, wa da ƙane suna buga ƙwallon ƙafa a gem, allo na nuna 4–0. Na biyu, wanda ake ci ya jijjiga abin bugawar da ke hannunsa, ya harare shi, ya tilasta a yi musaya. Na uku, allo na nuna 7–0, shi kuma ya zuba wa kujerar da yake kai ido. Ko kalma ɗaya ba a yi ba, kuma duk wanda ya taɓa shan kashi ya gane. Ba wa marubuci mai surutu wannan labarin ka gani. Zai cika akwatin farko da bayanin cewa abin bugawar ya lalace, na biyu ɗayan ya amsa da cewa ai kullum haka kake faɗa, na uku a zo wurin dariyar, sannan ya ƙara na huɗu wani ya yi maka bayanin abin da ya sa ya kamata ka yi dariya. Kamar mai ba ka kyauta ne ya tsaya yana lissafa maka kuɗinta.

Wannan shi ne babban ƙorafin da aka daɗe ana yi wa Ctrl+Alt+Del na shekarun farko, kuma ina ganin masu ƙorafin sun yi gaskiya. Akwati huɗu ne, rubutu ya danne zane, barkwancin ya riga ya sauka amma ana ta magana. Ga fuskokin kusan iri ɗaya, ido rabi a rufe, baki a ɗan buɗe, ko murna ake ko faɗa. Kada ka ce ai ba kowa ya iya zane ba. Brian Clevinger ya yi 8-Bit Theater daga 2001 zuwa 2010 da 'yan hotunan ɗigo-ɗigo da ya ɗebo daga wasan Final Fantasy na farko, amma halayen mutanensa da sanin inda zai yi shiru suka riƙe masu karatu duk tsawon shekarun nan.

Sai dai ka gaya wa abokinka ya sassauta. Penny Arcade ya fi iya tsayawa inda ya dace, zanensa ma ya yi ta bunƙasa, amma yana da nasa laifin. Da yawa daga ciki a kan labarin makon aka yi su, wani kamfani ya yi kwaɓa ko wani wasa ya fito da matsala. In ba ka karanta dogon sharhin da Holkins ke haɗawa da zanen ba, sai ka yi ta kallo ba ka san inda aka dosa ba. Ɗauko na 2005 ka karanta yau, wasu sun mutu murus. Ga ashar da batsa, ba abin miƙa wa yaro ba ne. A sana'a dai abokinka ya fi ka gaskiya, a saurin fahimta ka fi shi. Kai kuma daga yau a riƙa sa yatsa a kan sunan wasa kafin a wage baki.

Tambaya: Malam, ƙanena yana yawan turo mini wasu layuka kamar haka, | || || |_ , yana ta dariya. Wayata ce ta samu matsala ko wani abu ne?

Amsa: Wayarki lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa, ƙanen ne sai an duba. Ranar 2 ga Yuni, 2008 Tim Buckley ɗin da muka ambata ya fitar da wani zane mai suna Loss. Akwati huɗu, babu magana ko ɗaya. Ethan ya shigo asibiti a guje, ya tambayi mai karɓar baƙi da ke zaune, ya tsaya da likita, sannan ya iske budurwarsa Lilah kwance tana kuka, cikinta ya zube. Layukan nan tsayuwar mutanen ce: ɗaya, biyu, biyu, sai ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Masu karatu sun saba da wautar gem a wurin, kwatsam aka jefo musu wannan, sai abin ya koma tsokana. Har yau ana ɓoye tsarin a cikin hotunan sanduna, gine-gine, komai ma, don a ga wa zai gano. Ɓarin ciki ba abin dariya ba ne, kuma yawancin masu tsokanar wurin da aka ajiye labarin suke yi wa dariya. Abin mamaki, marubucin da ake zargi da surutu, ranar da ya yi shiru ita ce duniya ta ƙi mantawa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, idan aka turo mini irin waɗannan zane a WhatsApp rubutun duk ya dagule, ba ya karantuwa. Yaya zan gyara?

Amsa: Ba ya gyaruwa, abin da ya zube ya zube. WhatsApp yana matse hoto zuwa JPEG, shi kuma JPEG yana rarraba hoto gida-gida na ɗigo 8 sau 8 ya zubar da ƙananan bayanai. A hoton fuska ko daji ido ba ya lura, amma baƙin rubutu a kan fari nan take yake yin hazo. Wani ya ɗauki hoton allo, ya tura, wani ya sake ɗauka, ya sake turawa, kowane zagaye ana ƙara zubarwa. Ka ce a turo maka a matsayin Document, ko aƙalla a taɓa HD da aka ƙara a 2023. Mafi kyau a turo adireshin shafin mai zanen, domin masu ɗaukar hoton allo sun ƙware wajen yanke sunansa a ƙasa. In an riga an yanke, Google Lens ko TinEye za su nemo maka asalin. Kuma sai na sake faɗa ko da kun gaji: ku koma RSS, hanyar da ke tattaro muku sababbin abubuwan da shafukan intanet suka fitar. Rufe Google Reader, manhajar Google ta karanta RSS, da aka yi ranar 1 ga Yuli, 2013 bai kashe shi ba. Sauke manhajar Feedly ko Inoreader, zuba adireshin zanen da kake so, duk sabon da ya fita zai same ka a jere, tsaf, ba tare da wata manhaja ta zaɓa maka abin da za ka gani ba.

Tambaya: Malam, wani tsohon shafi yana ce mini sai na sauke Flash Player kafin in ga zanen mai motsi. A ina zan samu?

Amsa: Kada ka kuskura. Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba, 2020, wanda ya miƙo maka shi yau mai yiwuwa ƙwayar cutar kwamfuta yake ba ka. Saka Ruffle, mai kwaikwayon aikin Flash, a burauzar kwamfutarka, ko ka nemi shafin a Internet Archive, ma'ajiyar tsofaffin shafuka.

Tambaya: Malam, ina so in fara nawa zanen a kan gem, amma waya kawai gare ni. Wace manhaja ce ta fi?

Amsa: ibisPaint ta ishe ka a waya, in ka samu kwamfuta Krita kyauta ce. Jera akwatunan daga sama zuwa ƙasa irin na manhajar karanta zane ta Webtoon, domin da babban yatsa za a karanta ka, jeren kwance kuwa sai an yi ta zuƙowa. Ajiye hoton a tsarin PNG, wanda ba ya dagula rubutu kamar JPEG. Sa hannunka a tsakanin akwati biyu, inda mai almakashi ba zai iya yankewa ba sai ya ɓata zanen. Rubuta barkwancin a takarda tukuna, ka soke rabin kalmomin, ka nuna wa wanda bai taɓa buga wasan ba. In ka turo mini na ga samari biyu a kan doguwar kujera, ba zan amsa ba.