Kiran ofis da ke katsewa bayan sakan 32

Malam, ka ce kira tsakanin ofishinku na Jidda da reshen Makka yana shiga, a ɗaga, a fara gaisawa, sai ya mutu bayan kusan rabin minti. Shiga saitin rautar kowane ofishi, wato na'urar da ke raba intanet, ka kashe SIP ALG (SIP ita ce ƙa'idar da wayoyin intanet ke haɗa kira da ita, ALG kuma tsari ne a rauta da ke yi wa saƙonninta gyara), sannan ka kashe rautar ka kunna, wayoyin su sake rajista. Kar ka ɓata kuɗi wajen ƙara ƙarfin intanet tukuna, ba nan gizo ke saƙar ba.

Riƙe agogo ka gwada. In kullum a sakan 32 yake yankewa, to saƙon ACK, wanda ke tabbatar da an ɗaga, shi ne ba ya isa. Ɗaya ɓangaren yana ta jira, ƙa'idar SIP kuma sakan 32 ta ba shi kafin ya ajiye. Shi wannan ALG ɗin wai taimako yake yi, sai ya dagula adireshin da ke cikin saƙon. Na sha wannan a wani otal ana gab da aikin Hajji: manaja a tsaye a kaina, mun canja wayoyin tebur uku a banza, ashe ɗan maɓalli ɗaya ne a rauta. Sharaɗi guda dai: in kiran ya daina katsewa amma mutum ɗaya kaɗai ake ji, wannan matsalar muryar ce daban. In manhajar haɗa kira ta Asterisk kuke amfani da ita, buɗe ƙofofin UDP da murya ke bi, daga 10000 zuwa 20000, a katangar tsaro (firewall), ka kuma rubuta wa Asterisk adireshinku na intanet (IP) na waje.