An ce ɗana yana da ƙarancin G6PD: akwai maganin da zai cike shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana ya yi shawara kwana 3 da haihuwa, aka kwantar da mu a asibiti, aka sa shi a ƙarƙashin fitila, daga baya aka ce yana da ƙarancin enzayim ɗin G6PD. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wani mai magani ya ce yana da haɗin da zai cike masa shi cikin wata guda. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya shi. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki saya.

Enzayim ma'aikaci ne mai sana'a ɗaya tak: yana hanzarta wani aiki a cikin jiki, ya gama, ya koma kan na gaba ba tare da ya ƙare ba. Sana'ar G6PD ita ce samar wa jajayen ƙwayoyin jini garkuwa daga sinadaran da ke lalata su, kuma ba su da wata hanyar samun wannan garkuwa sai ta hannunsa. Ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, amma a irin ƙarancin da ya fi yawa a Afirka enzayim ɗin yana raunana da wuri, sai tsofaffin ƙwayoyin su farfashe da zarar sun haɗu da abin da ya fi ƙarfinsu. Gado ne, yawanci ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji, kuma mutane kusan miliyan 400 ne ke ɗauke da shi a duniya, galibinsu cikin ƙoshin lafiya.

Maganar cikewa ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka ƙarancin enzayim kamar randa ce da ruwanta ya yi ƙasa, a zuba guga biyu ta cika. Jiki ne yake ƙera G6PD a cikin ƙwayar jini tun tana ɓargo, bisa tsarin halittar da yaro ya gada. Ko da a ce an zuba enzayim ɗin na gaskiya a cokali an ba shi, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, ballantana jiƙon da mai shi kansa ba zai iya faɗa miki abin da ke cikinsa ba. Asarar kuɗi ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce uwa ta gama kwalba, ta ɗauka yaro ya warke, ta mayar da kafur cikin akwatin kayansa, ta shafa masa lalle, ko ta karɓo Septrin a kemis, alhali duk waɗannan suna iya farfasa ƙwayoyin jinin mai wannan ƙarancin. Bayan kwana 2 sai a shigo mana da shi idanu sun yi rawaya, tafin hannu ya yi fari, fitsari kamar baƙin shayi, muna neman wanda zai ba da jini da tsakar dare, mai haɗin kuwa ya kashe waya. A jariri, shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko shanyewar jiki har abada, kuma shanya shi a hantsi ba ya hana wannan.

Ki fitar da kafur daga ɗakin yau. Ki sanar da duk likitan da zai rubuta masa magani cewa yana da wannan ƙarancin, domin akwai magungunan da ke farfasa ƙwayoyin jininsa, musamman primaquine da nitrofurantoin da dapsone. In ya girma ya guji waken ful da ake ci a Sudan da Masar da Saudiyya. Wakenmu na ƙosai ba shi da laifi. Ranar da fitsarinsa ya canza launi, ki kawo shi asibiti a ranar.