Kada ka goge shi kafin ka aika

Malam, ka tambaya ko za ka wanke tsohon kuɗin azurfarka da ya yi baƙi kafin ka aika a tantance darajarsa. Don Allah ka bar shi haka. Duhun nan da shekaru suka ɗora masa, masu tara tsofaffin kuɗi suna sonsa. Gogewa kuwa tana barin siraran layuka da ake gani da gilashin ƙara girma. PCGS da NGC, kamfanonin tantance tsofaffin kuɗi, suna auna daraja da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, amma wanda aka goge ba sa ba shi lamba, sai su rubuta an wanke shi, farashinsa ya faɗi warwas.

In kore mai danƙo ka gani, daga ledar ajiya ta roba nau'in PVC ne, kuma yana cin ƙarfe. Wannan a kai wa ƙwararru su cire da sinadarin asiton. Kafin nan, ka riƙa ɗaukarsa ta baki-baki kawai.